Zumar Da Na Wanke Daga Hannun Ƙanena

Assalamu alaikum malamai, da duk masu zama a zauren nan na Zariya inda ake karanta tambayoyin mutane ba a faɗin suna. Fatake na ba wa wannan takarda daga ƙasar Birnin Gwari. Ku yi haƙuri da rubutuna, sai da na aurar da 'ya'yana na fara riƙe allo. Don Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku tsine mini, na riga ku tsine wa kaina.

Ina da ƙane, zan kira shi Audu, ni na goye shi bayan rasuwar innarmu. Muna da maƙwabci, zan kira shi Bawa, mai ɗora amyar zuma a itatuwan bakin daji. Wata rana da hantsi sai ga Bawa ya shigo gidana da Audu saɓe a kafaɗa, jini na zuba daga kansa. Ya ce, "Yaya, a gindin ɗorawata na tsince shi, bari in kira wanzami." Yana fita Audu ya buɗe ido ya ce, "Yaya, reshe ne ya karye da ni." Na dubi hannunsa, zuma har gwiwar hannu. Satar zumar mutumin da ya ɗauko shi ya je yi. Na jawo ƙwarya na wanke hannun tas kafin mata su cika gidan. Da suka fara "me ya kai shi gindin amyar Bawa?" sai na ji bakina ya ce, "Bawa ne ya rotse shi da gora." Na sunkuya a kunnen Audu na ce, "Haka za ka faɗa, ba mai kiran ɗan innata ɓarawo ina raye."

Aka je gaban dagaci. Ya ce, "Ni iyakata sulhu da tara. Bawa ya ba da akuya, a tashi." Bawa ya ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa shi ba, amma don zaman lafiya zan bayar." Da na yi shiru a nan, da magana ta mutu. Amma na ga ana murmushi ana kallona, ga karatun da nake taƙama da shi. Na miƙe na ce, "Raunin da ya bayyana ƙashi ba na dagaci ba ne, na alƙali ne, na karanta!" Tsohon ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, kin san hanyar hawa. Kin san ta saukowa?" Na murguɗa masa baki, ni da furfurata.

Alƙalin Birni ya aiko amintattunsa biyu, suka zauna a kan Audu, suka ji daga bakinsa cewa Bawa ne. Aka tsare Bawa sai rauni ya warke a yanke hukunci. A raina na ce bulala ce, zai sha ya dawo. Kwana tara Audu ya cika.

Ranar da muka koma, alƙali ya ce, "Rai ya fita, magana ta fi ƙarfin buzun shari'ata. Ni ina yin bulala, ina ɗauri, ba na yanke kisa. Wannan sai majalisar Sarki." Ya ce tunda mamaci ya ambaci suna a gaban shaidu, in maza biyu daga danginsa suka yi rantsuwa hamsin, Sarki yana da ikon miƙa Bawa ga hauni ya sare kansa. An ajiye zaman sai bayan ƙaramar Sallah. Masu rantsuwar ƙannena ne biyu da suka rage, kuma wallahi sun gaskata ni ne.

Na nemi hanyar saukowa. Na je wa dagaci a kaikaice, ya ce, "Abin da ya hau sama ba ya dawowa zaurena." Na ce wa ƙannena su yafe wa Bawa, babban ya ce, "Haba Yaya, ke da kika ja mu har Birni? Jinin Audu ne fa." Shekaranjiya matar Bawa ta shigo da ɗan tulun zuma, ta ce daga gidan yari ya aiko a ba Yaya ta yi wa Audu sadaka. Yana nan a kusurwar ɗaki, na kasa taɓa shi, na kasa fitar da shi.

Malamai, bulalar mai shaidar zur ba ta ba ni tsoro, a zaga da ni kasuwa ma na yarda. Amma wa zan gaya wa? In na je wa alƙali, yana da ikon janyo abin da ya riga ya miƙa sama? In na nufi fada, dogarai za su bar tsohuwa ta isa gaban Sarki? Za a ɗauki maganar mace ɗaya a kan maganar mamaci da maza biyu suka ji? Kuma in na faɗa, Audu ya zama ɓarawo a kabarinsa, shi da ya mutu da ƙaryar da na cusa masa a baki.

Fataken za su juyo kafin Sallah, ku ba su amsa. In ba ta iso ba zan tafi fada a ƙafa, ko da ban san ƙofar da zan buga ba. Bawa bai yi komai ba sai ɗaukar ƙanena a kafaɗa. Me zan yi?