Na Ce wa Likita Da Sauƙi

Yaya Abdulmumin,

Assalamu alaikum. Ina gaida Inna da Barira da yara. Ya Wurma, ya zafi?

Ina Kaduna lafiya, sai dai jirin nan da ya raba ni da aikin soja. Yanzu a zaune nake salla, in na yi ruku'u ƙasa juyawa take.

An sake yin watsi da ƙorafina kan kuɗin nakasa, wai ni da bakina na ce na samu sauƙi. Da likitan soja ya shigo na miƙe na ƙame. Ya ce ya jiki, na ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Me Musulmi zai ce? Hakan ya rubuta. Bai ga faɗuwata a bakin ƙofa ba.

Ka ba da aron gonata bana. In Inna ta tambaya, ka ce da sauƙi.

Ƙanenka,
Sagiru