Angwaye Biyu na Yumɓu

Krishnanagar, 4 ga Agusta

Zuwa ga Yayata Kaberi,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya jikin naki, ya ciwon gwiwar? Ya yara?

Yaya, lamarin ɗana Tuhin ya dame ni. Tun da ya gama makarantar zane ya baro gidanki a Kolkata, bai sa hannu a aikin babansa na gina mutum-mutumin yumɓu ba. Ga bikin allahiya Durga ya matso, mutum-mutumi goma sha biyu na jiran fenti, shi kuwa ya kulle kansa a rumfar baya yana kwaɓa nasa yumɓun. Mabuɗin a wuyansa yake yawo.

Kayana kuma sai ɓacewa suke. Kurkum, jan zare, ƙaramar fitilar ibada, har hular angoncin babansa da ke ƙasan akwati shekara talatin. Na tambaye shi, ya ce aiki ne. Wane irin aiki ne ke cin hular ango?

Akwai wani abokinsa Saikat, mai dogon gashi, da ke zuwa duk Lahadi. Yana da ladabi, har ƙafata yake taɓawa wajen gaisuwa, amma ba ya haɗa ido da ni. Ina zargin ƙanwa gare shi, shi ne ɗan aikensu. Idan yarinya ce, me zai hana a faɗa min? Maƙwabciyata ta ce asiri ne, na ce ta kula da tukunyarta.

Idan kin san wani abu, kar ki ɓoye min.

Ƙanwarki,
Jhorna

Krishnanagar, 19 ga Agusta

Yaya Kaberi,

Ina gaishe ki, da fatan kuna lafiya. Ba ki amsa min ba, yanzu kuma ina jin na san dalili.

Ranar Talata ya bar mabuɗin a wurin wanka, na shiga rumfar. Tuluna bakwai ne a jere, an shafe su da kurkum, fitilata a tsakiya. A bayansu mutum biyu na yumɓu a zaune, kowanne da hular ango, an ɗaure gefen tufarsu da jan zare kamar yadda aka ɗaure namu ranar aure. Na daɗe ina neman amaryar. Sai na ga tabon da ke haɓar Saikat, na ga kunnuwan ɗana.

A haka ya same ni. Na tambaye shi ko wasa yake da ibada. Ya ce, "Mama, ba wanda zai ɗaura mana wannan zaren, shi ya sa na ɗaura da hannuna." Na zauna a ƙasa, shi ma ya zauna, har shinkafata ta ƙone.

Wata mai zuwa za a nuna aikin a Kolkata, da sunan gidanmu a jiki. Masu ba babansa aiki duk can suke. Wannan kaɗai ya hana ni sukuni, na kasa faɗa wa baban nasa. Jiya da za a gasa kayan, sai ga shi ya zo da kansa. Ya zagaya su, ya ƙwanƙwasa, ya ce wa Tuhin wuyan na hagun zai tsage idan wutar ta yi yawa. Ya karɓi itacen ya hura da hannunsa. Ko mamaki bai yi ba, Yaya.

Kuma ƙyallen da aka yafa wa angwayen, na gane shi. Zanen aurenki ne, mai bakin zinariya, wanda ni kika hana aro. Shekara uku ina aiko miki hotunan 'yan mata ki nuna masa, kina ce min ya ce a dakata. Ashe ni kaɗai ce baƙuwa a gidana?

Zan zo ranar da za a buɗe wurin nunin. Ban sani ba ko kallo zan zo yi ko faɗa. Ki tanadar min shimfiɗa, ki tanadi amsa.

Taki, duk da haka,
Jhorna