Gishiri daidai hannun Inna

Inna ta kaina,

Gaisuwa buhu buhu. Ya ƙafar Baba, ya Auta sarkin kuka? Ni kam garau, har tumbi na fara.

Albishirinki, ɗanki ya zama babban kuku! Tunda aiki ya ja baya abokan ɗakina ke ci dani, shine nace zan musu miyar da zasu manta sunansu. Da ta fara tafasa na lumshe ido, wallahi sai gani a bakin murhunki, kina korata da ludayi.

Kince gishiri cikin hannu ɗaya, na zuba. Na manta ɗaukar bulo ta kumbura nawa hannun ya koma faranti. Ba ciwo fa, karki damu. Direban cikinmu ya kai loma yace, "Maigida, teku ka dafa mana?" Sun dai cinye don kara.

Sati mai zuwa ma nine da girki, bana son kunya ta biyu. Ki ɗora hannunki a takarda Auta ta zana, ki aiko min. Zan auna gishiri dashi, in kowa ya fita in ɗora nawa akai.

Allah ya bar mana ke.

Ɗanki, Sarkin Girki