Bel ɗin da Baba Ya Kasa Mayarwa

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanwarka, da fatan wannan takarda za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara baki ɗaya. Allah Ya ƙara maka lafiya da rufin asiri, Ya sa albarka a aikinka, Ya tsare ku a can inda kuke. Mu nan da sauƙi. Hawan jinin Mama ya ɗan lafa tun da aka canza mata magani, sai dai ƙafar nan da ba ta barinta ta daɗe a tsaye. Maigidana lafiyarsa ƙalau, 'yan biyu kuma sun fara tafiya, sun hana kowa ajiye kofi a ƙasa. Auta ta gama jarrabawa, tana gida tana fama da waya, wai hutawa take. Na san za ka yi mamakin ganin doguwar takarda alhali ba ma daɗewa ba mu gaisa ta waya ba. Abin da ke cikinta na sha ɗaura niyyar faɗa maka da baki, amma da na ji muryarka sai in ɓige da tambayar sanyin garinku. Don Allah ka samu wuri ka zauna, ka karanta har ƙarshe kafin ka kira ni.

Maganar a kan Baba ce, amma daga motata ta faro. Tun farkon watan jiya ta soma wani irin kuka da safe, siriri mai shiga har cikin haƙori. Ina tayar da ita za ta kama tsuwa, in inji ya ɗumama ta ɗan lafa, da na kunna esi mai sanyaya mota ko na murɗa sitiyari har ƙarshe sai ta sake ɗauka. Maigidana ya ce in kai wa Dogo, tsohon yaron Baba da ya bar wa gareji lokacin da ya ajiye aiki. Ban kai ga zuwa ba. Ka san kullum ina biyawa ta gida in duba su Mama da Baba kafin in wuce kantin magani. Rannan ina shigowa layi na hango Baba a kujerarsa ta ƙofar gida. Tun ban tsaya ba ya miƙe, ya ɗaga mini hannu ya ce in bar ta a kunne. Yaya, rabon da in ga fuskar Baba ta yi haske haka har na manta. Wata da watanni ba ya magana sai an tambaye shi, muna cewa kaɗaicin zaman gida ne.

Ya sa na buɗe bonet, ya naɗe hannun riga, ya karkata kai yana saurare. Ya nuna mini doguwar robar nan da ke zagaye gaban inji, wadda suke kira bel. Ya ce a motocin da, kowane abu da bel ɗinsa, amma na yanzu guda ɗaya ne ke jan komai: abin cajin batir, da famfon ruwa, da sitiyari, da esi. Ranar da ya tsinke a hanya, duk tare za su tsaya, inji ya ɗau zafi. Ya aiki Auta ta kawo ruwa a gora, ya ɗan tsiyaya a kan bel ɗin mota tana kunne. Ya ce in kukan ya ƙaru, bel ya saki ne yana santsi. In ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo, ko ya tsufa ko bai zauna daidai a layinsa ba. In kuwa ruwa bai canza komai ba, to a bar zargin roba, ƙarfe ne ke kuka. Muka kasa kunne, kukan yana nan yadda yake. Sai ya ɗauko dogon sukundireba, ya ɗora bakinsa a jikin inji nan da can, ya manna kunne a marikin, kamar likita da majinyaci. Har da yi mana ba'a, wai masu shafa wa bel sabulu don ya yi shiru toshe wa mara lafiya baki kawai suke yi. Daga ƙarshe ya ce boris ne, wato 'yan ƙwallayen da ke sa ƙarfe ya juya sumul, ya mutu a ɗaya daga cikin fayafayan ƙarfen da bel ke bi ta kansu, in kawo motar ranar da ba ni da aiki, shi da kansa zai gyara. Mama tana leƙe daga bakin ƙofa tana murmushi. Ni ma da farin ciki na tafi aiki ranar.

Ranar hutuna na kawo ta da hantsi. Ya fito da akwatin kayan aikinsa, kowace sifana a goge tana sheƙi. Kafin ya cire bel ɗin na ciro waya na ce bari in ɗauki hoton yadda ya zagaya, saboda takardar da ke nuna hanyarsa a cikin bonet ta goge. Ya kalle ni ya yi dariya, ya ce tun ba a haife ni ba yake ɗaura bel, ko idonsa a rufe zai mayar. Na ji kunya na mayar da wayar jaka. Ya sa sifana ya danne ajasta, wato abin da ke riƙe bel ya yi tauri, ya zare shi cikin sauƙi. Ya lanƙwasa robar yana duba tsagewa, ya shinshina ko baƙin mai ya taɓa ta, ya ce lafiyarta lau, za ta ƙara shekara. Sannan ya bi fayafayan ɗaya bayan ɗaya yana juya su da hannu. Duk suna tafiya sumul, sai na jikin ajasta, shi kam yana gurzawa kamar an zuba masa yashi. Ya sa na taɓa na ji da hannuna. Maigidana ya je ya sayo sabon faifai, Baba ya ɗaura ya ƙulle noti. Har nan babu kuskure ko ɗaya.

Sai ya ɗauki bel zai mayar. Ya rataya shi a faifan ƙasa, ya ja zuwa sama, ya tsaya. Ya cire, ya sake farawa ta wani gefen, bel ya yi ragowa yana reto. Ya sake cirewa. Da farko yana yi yana ɗan waƙe-waƙensa, daga baya ya yi tsit, gumi yana ɗiga daga haɓarsa a kan inji. Maigidana ya ce ko a duba a waya, Baba ya daka masa tsawar da ban taɓa jin ya yi wa suruki ba. Can ya ɗago bel ɗin ya ce mai shago ya cuce mu, ba na wannan motar ya ba mu ba, a mayar masa. Na ce Baba ai ba mu sayi bel ba, wanda ka cire ne da hannunka. Ya dubi robar, ya dube ni. Rana ta take, na roƙe shi ya shiga inuwa ya sha ruwa, ya ƙi. Yana nan tsaye da bel a hannu biyu, ba ya ɗaurawa, ba ya ajiyewa. Sai ya juyo, murya ƙasa-ƙasa kamar mai jin nauyin baƙo, ya tambaye ni wai motar waye wannan, kuma mai ita yaushe ya ce zai dawo ɗauka.

Yaya, ban san lokacin da na zauna a dakali ba. Maigidana ne ya zaga bayan gida ya kira Dogo a waya. Allah Ya yi wa mutumin nan albarka. Da ya zo bai karɓi bel ɗin kai tsaye ba. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce wucewa yake ya ga maigida yana aiki, ba zai iya tsayawa kallo ba. Yana ɗaurawa yana tambayar Baba ko ta nan ne, ko ta ƙarƙashin wancan, Baba yana gyaɗa kai. Aka tayar da mota, shiru, kukan ya tafi. Gyaran Baba daidai ne. Amma ko kallon motar bai yi ba, ya shige ɗaki ya bar kayan aikinsa a warwatse a ƙasa, shi da bai taɓa barin sifana ta kwana a waje ba.

Da na raka Dogo bakin layi ya ce tun da na gani da idona, bari ya faɗa mini. Watannin baya Baba ya je gareji da sassafe cikin kayan aiki, yana faɗa wai an bar motar wani likita ba a gama ba, alhali mai motar ya daɗe da rasuwa. Dogo ne ya lallaɓa shi ya dawo da shi gida, Mama ta roƙe shi ya rufa asiri. Na koma na sami Mama a kicin, ban ma gama tambaya ba ta fashe da kuka. Ta ce ya taɓa ɓata a hanyar dawowa daga masallacin da ke bayan layi. Ta ce yakan nemi Kawu, ƙaninsa marigayi, ya ce a ajiye masa abinci. Ita kaɗai take ɗauke da wannan tun bara, wai kada mu raina mahaifinmu, kada kuma hankalinka ya tashi a can. Mun kai shi asibiti da sunan gwajin hawan jini. Likita ya yi masa tambayoyi, aka ɗauki hoton kai. Ya ce ciwon mantuwa ne irin wanda ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Akwai maganin da ke rage masa gudu, amma babu mai mayar da abin da ya tafi, kuma gaba zai yi ta yi. Ya ce kada a bar shi ya yi tuƙi, kada a bar shi da inji.

Ba mu ɗauki gargaɗin da ƙarfin da ya kamata ba sai da abin ya faru. Makon jiya na biyo da safe, na ajiye makullin mota a kan tebur na shiga gaida Mama. Muna cikin magana na ji an tayar da mota. Na fito da gudu na tarar da bonet a buɗe, Baba ya sunkuya ciki da babbar rigarsa, hannun rigar a sake. Cewa yake yana jin kukan, dole a duba bel. Wallahi motar ba ta kuka. Kafin in kai ga makulli bel ya cafki hannun rigar ya fizge shi. Allah Ya sa yadin ya tsufa, ya yage. Duk da haka faifan ya yanke shi daga wuyan hannu zuwa kusan gwiwa, ɗan yatsansa ɗaya ya karye. An ɗinke, an ɗaure, raunin yana warkewa. Ma'aikaciyar jinya ta ce da rigar sabuwa ce, da ba a nan maganar ta tsaya ba.

Yanzu ina ajiye mota a wani layi in ƙaraso da ƙafa. Akwatin kayan aikin mun kai gidana. Wannan ne abin da Baba bai yafe ba. Ya manta da raunin, har yakan tambayi wa ya ɗaure masa hannu, amma bai manta da akwatin ba. Kullum sai ya duba ƙarƙashin gado. Shekaranjiya na ji yana gaya wa maƙwabcinmu mai kanti cewa akwai wata mata da ke zuwa gidan kowace safiya, ita ta sace masa kayan aiki, a sa mata ido. Ina tsaye a bayansa da kofin shayinsa a hannu. Na miƙa masa, ya karɓa ya yi mini godiya irin wadda ake yi wa baƙo. Da yamma kuma ya gane ni sarai, har yana tambayar 'yan biyu.

Na san za ka ce ai ranar nan kun yi waya kuma lafiya lau ya yi magana. Gaisuwa ce ta rage masa, Yaya, ita ce ba ta goge ba tukuna. Ka lura ba ya wuce lafiya da gajiya da ya aiki, sai ya miƙa wa Mama. Ba wani abu nake so ka aiko ba, magani yana samuwa, ni da Auta muna karɓa-karɓa, maigidana ma bai gaza ba. Kai nake so ka zo. Na san hutu ba a hannunka yake ba, na san nisan hanya, kuma ka ce sai ƙarshen shekara mai zuwa. Ina tsoron wanda za ka tarar a lokacin. Har yanzu in an ambace ka fuskarsa tana sakewa, ya san kai ne babban ɗansa. Likita bai iya ce mana zuwa yaushe ba. Mama ba ta san na rubuto maka ba, in ka kira ta ka bi ta a hankali, kada ka yi mata faɗan ɓoyewa, abin da take ɗauke da shi ya ishe ta.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce ina nan ina jin kunyar rashin kiranta. Ka shafa mini kan Babban Mutum da 'Yar Baba da jaririyar da ba mu gani ba sai a hoto. Mama tana gaishe ku, haka maigidana da Auta da Gwaggo, Dogo ma ya ce a miƙa gaisuwarsa. Da safen nan na sami Baba cikin hayyacinsa, na ce masa zan aika maka saƙo, ko yana da abin faɗa. Ya dubi hannunsa da ke ɗaure. Sannan ya ce in gaya maka akwai maganar da yake riƙe da ita dominka, ba ta waya ba ce, amma ka yi sauri, don yana jin tana suɓuce masa.

Allah Ya ba shi sauƙi, Ya kawo mana kai lafiya.

Taka har kullum,
Ƙanwarka mai bi maka.