Kaka ta tsai da ɗaurin aure

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ya maigida da yara? Nan Bambeye kowa lafiya lau.

Littafin soyayyar da kika aiko, Kaka nake karanta ma bayan la'asar. Saurayin bai yi mata ba: "Mota, turare, daɗin baki! Ina gonarshi? Wa ya san ubanshi?" Jiya muna isa shafin ɗaurin aure ta amshe littafin ta zaune shi, wai sai an yi bincike.

Don Allah ki yo waya ki ce kin san danginshi, manoma ne. Ki gaida kowa, a sa mu a addu'a. Amarya na nan ƙarƙashin Kaka, lalle na bushewa.

Ƙanwarki,
Rabi