Ƙahon da Na Sa Aka Yi Maka

Baba,

Gaisuwa da fatan rahama. Na san takarda ba ta shiga kabari, ko kana raye ma ba ka karanta boko. Amma wa zan tambaya?

Mutanen gida lafiya. Yaya Modu ya karɓi rumfarka ta banda, yana yi wa kowa gyara kamar a tsakar gida ake kama kifin.

Shekaranjiya na koma asibiti na tare likitan nan. Ka tuna ranar da na kai ka, da ka fara mance raka'a, kana kiran Inna da sunan ƙanwarka? Na ce masa kanka ne ba lafiya, shi kuwa ya hau sauraron ƙirjinka, yana danna kumburarriyar ƙafarka. Na ɗauka raini ne. Na ja hannunka muka fita, ko magani ban tsaya karɓa ba. Ni malamar makaranta, mai akwatin littattafai, ni na kira wanzami ya kafa maka ƙaho a ƙeya har sau uku, wai a zuƙe mataccen jini.

Yanzu likita ya ce zuciyarka ce ta gaji, ta kasa tura jini har ƙwaƙwalwa. Ashe kanka na ƙishin jini ni kuma ina ɗiba? Ya ce abin da ƙaho ya fitar bai taka kara ya karya ba, maganin da na bari shi ne asarar. Da wanne zan ji? Me ya haɗa ƙirji da mantuwa?

Haushinsa nake ji da bai tsayar da ni ba. Kai ma haushinka nake ji. Wata nawa ka yi kana ɓoye haki, kana cewa hayaƙin banda ne?

Ga abin da ya kawo ni. Bayan ƙaho na uku ka dube ni a gaban mutane ka ce ba ka yafe mini ba. Maganarka ta ƙarshe ke nan har ka cika. Malamai sun ce babu hukunci a kan maganar wanda hankalinsa ya gushe. Amma Baba, ranar ka kira sunana daidai, bayan ka daɗe ba ka gane ni. Kai ne ka faɗa, ko ciwon?

Kullum ina roƙa maka gafara. Tawa ce ban san inda zan nemo ba.

Allah ya haskaka makwancinka.

'Yarka, in har ka yarda,
Yagana