Furannin Ƙanwata Suna Cikin Bokitin Wanki

Anti, don Allah ki taimake ni kafin Asabar.

Ni tela ce, falona shi ne shagona. Shekara biyu ke nan ba ma ga-maciji da ƙanwata, tun ranar da na ce mata a gaban mutane boko ya sa ta raina mu. Na san bakina ne ya yi kaifi, amma ni ce babba, na kasa sauke kai. Shekaranjiya sai ga fararen furannin lili daga wurinta, kara tara, da 'yar takarda wai tana tafe ranar Asabar.

Ni ban taɓa riƙon fulawa mai rai ba. Na tsoma su a bokitin wanki, na ɗora kan teburin yanka, gaban taga. Jan garin nan na tsakiyarsu ya zuba a farin yadin wata kwastoma, na goga da jiƙaƙƙen tsumma, abu ya ƙara yaɗuwa. Yanzu biyu sun langaɓe. Maigidana ya ce in sayo na roba in musanya, wa zai gane? Ita za ta gane. Tsorona kada ta tarar da su a bushe, ta ce haka na karɓi sulhunta.

Yayar Wata

Yayar Wata, na ga furanni sun ci rabin wasiƙarki, laifinki kuwa layi ɗaya. Ba komai, mu fara da mai sauƙin.

Maigida ya yi ƙoƙari, amma bar na roba a kasuwa. Ɗauko almakashi, ba na yadi ba. Datse gindin kowane kara a karkace, ki tsige ganyen da zai nutse a ruwa. Kawunan da ke zubar da garin nan ki cire su da zarar fure ya buɗe. In ya sake zuba, salatif ake mannawa a ɗaga, ruwa zaunar da shi yake yi.

Kada ki cusa su wuri guda. Biyar a doguwar kwalba a kusurwar da rana ba ta kaiwa, nesa da fanka. Biyu a jug kusa da inda za ta zauna. Langaɓaɓɓun ki yanke su gajeru, ki sa a kofin gilashi, sai su zama kamar da gangan aka yi. Sauya ruwa duk bayan kwana biyu. In kina da kyanwa, nisanta ta da su, guba ne gare ta.

Sai mai wuyar. Wataƙila ta taɓa yi muku ɗagawa, ban musa ba. Amma ke kika yi maganar a bainar jama'a, ita kuma ta riga ki miƙo hannu. Ba duba-gari za ta zo yi ba, balle ta ƙirga wanda ya bushe. Furanni sun yi nata aikin, ba za su yi naki ba. Kafin ta ajiye jakarta ki ce mata kin yi kuskure, da bakin nan naki mai kaifi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya kuma sanyaya zuciyar mai farin yadi.